Hular Opu Dienye

Hular da ke cikin akwatin gidan Opu Dienye ba ta Opu Dienye ba ce. Saura kwana biyar a yi jana'izar dattijon gidan aka gane haka, kuma wanda ya gane shi ne ya yi sakacin tun farko, wato Soberekon, ɗan mamacin.

Soberekon makanikin injin jirgin ruwa ne a bakin gaɓar garin Abonnema, can kudu, shekararsa hamsin da biyu. Ban da inji, ba abin da ya sani a duniya sai hula. Ba kowace hula ba, baula, mai taurin nan ta Turawan da, mai kai kamar ƙoƙo da ɗan baki a naɗe, wadda kakanninsu suka karɓa a hannun masu sayen manja suka mai da ita tasu. Ashirin da uku gare shi a ɗaki, kowace cikin kwalinta da kafur. Duk gidan da aka yi gardama a kan shekarun hula, wurinsa ake kawo ta. Rubutun ciki bai dame shi ba, don karatunsa bai yi nisa ba. Da yatsa yake aiki, da hanci, da kunne. Tsohuwar baula gashin zomo ce da aka matse da ƙaro, in ka ƙwanƙwasa ta sai ta amsa maka kamar busasshiyar ƙwarya. Bakinta ɗinkin hannu ne, zagayen cikinta fata ce. Ta yanzu kuwa ulu ce da gam da roba.

Ranar Litinin da hantsi yayarsa Ibiso, wadda makullan akwatunan gida ke hannunta, ta fito da kayan gado don mata su fara shirya gadajen jana'iza, waɗanda ake ƙawatawa a riƙa kwantar da mamaci a kansu ɗaya bayan ɗaya. Ga zannuwan gargajiya masu layi-layi da suke kira injiri, ga murjani, ga sanda mai kan azurfa. Hular Opu Dienye, wanda ya kafa gidan, ita ake ɗorawa a gadon ƙarshe, a saitin kan mamaci, in aka binne shi kuma babban ɗa namiji ya sa ta ya zaga gari da rawa. Soberekon ne babban ɗa namiji.

Ibiso ta miƙa masa kwalin. Yana ɗaga hular hannunsa ya gaya masa akwai magana. Ya ƙwanƙwasa ta, ta yi masa shiru kamar ya ƙwanƙwasa burodi.

Ya ce, "Yaya, wannan ba tamu ba ce."

"Ka fara ko? Baba na can kwance cikin ƙanƙara a Fatakwal, kai kana nan kana sauraron hula."

"Shinshina ki ji."

"Ni akuya ce da zan shinshina hula?"

"Gam ne, Yaya. Ulu da gam. Dubi bakin, ɗinkin keke ne. Wannan ko shekara goma ba ta yi a duniya ba."

Ibiso ta ajiye zanen da ke hannunta. Ba a daɗe ana tunani ba. Rabon hular da fita shekara huɗu ke nan, lokacin da aka ara wa surukansu, gidan tsoho Iyalla na Tombia, don jana'izar wansa, mijin gwaggonsu.

Ta ce, "Wa ya je ya karɓo ta?"

"Ni."

"Ka buɗe kwalin?"

Bai buɗe ba. A gidajen nan in suruki ya dawo maka da kayan aro, ba ka buɗewa a gabansa, don in ka buɗe ka kira shi ɓarawo ke nan. Wannan kowa ya sani. Amma da ya iso gida fa? Ya tarar da inji na jiransa a gaɓa, ya miƙa wa Ibiso kwalin ya wuce. Ita kuma ta kulle ba ta duba ba, tunda masanin hula ne da kansa ya kawo.

Ibiso ta ce, "Ka ji mutum! Mai tare dattawa a ƙofar coci yana ƙwanƙwasa musu kai, ta gidansu ce kaɗai bai ƙwanƙwasa ba. To ɗora wannan ɗin. Baƙa ce, waccan ma baƙa ce. Wa zai gane?"

"Ni zan gane."

"Kai kaɗai."

"Ya isa. Ba zan yi wa Baba rawa da hular kasuwa a kaina ba. Gara in zaga garin nan da sanƙona a waje."

Ta san halinsa, in ya kafe ko jirgin dakon mai ba ya jan sa. Sai ta koma gindin akwati ta tono wani tsohon zanen injiri mai ja da ruwan ɗorawa, na mahaifiyarsu. Gefe ɗaya a yage yake, tsawon kamu guda.

"Kai kana goye ba ka sani ba. Ranar da Baba ya yi wa Kaka rawa, hular ta yi masa yawa, tana faɗo masa a ido. Inna ta yagi bakin zanen nan ta ninke, ta tura ƙarƙashin fatar ta wajen hagu. Ban taɓa ganin an cire ba."

Talata da sassafe, ruwa na cika, ya ta da jirginsa ya nufi Tombia, da zanen a jaka da kwalin hular kasuwa da kwalbar giya ta gaisuwa.

Tsoho Iyalla ya haura tamanin, dogo ne siriri, bakinsa kamar reza. Ya karɓi kwalbar, ya zuba wa ƙasa nata, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Matarsa Daba ta kawo romon kifi. Sai da aka sha aka wanke hannu Soberekon ya faɗi abin da ya kawo shi. Bai iya kwana-kwana ba, kai tsaye ya faɗa.

Iyalla ya ce, "Wato mu ɓarayi ne."

"Ban ce ba, Baba. Ranar taro hannu na kuskure. Huluna biyu ne a kan gado, duk baƙaƙe."

"Shekara huɗu kana ina? Ko kunnen naka ya tafi hutu ne?"

"Laifina ne."

"Hular da ke ɗakina ta ubana ce. A kansa na gan ta tun ina tsirara. Gama giyarka ka kama hanya kafin ruwa ya janye ya bar ka cikin taɓo."

Laraba ya dawo. Ba a ce ya shigo ba, ya zauna a dakalin ƙofar gida da kwalinsa a cinya. Rana ta yi ta dukansa, aka yi yayyafi ya rufe kwalin da rigarsa. Masu zuwa ɗiban katantanwa suka wuce shi da safe, suka dawo suka tarar da shi. Wata ta ce, "Makaniki, injin gidan ne ya lalace?" Ya ce, "Ƙwarai, kuma sai na gyara." Da la'asar ya tashi ya tafi.

Alhamis ya sake zuwa, wannan karon da kwali biyu. Iyalla ya leƙo ta taga.

"Kai ba ka da aikin yi ne, ɗan Dienye? Ubanka na jiran kabari."

"Shi ya sa nake nan, Baba. Ga abin da na kawo."

Ya buɗe kwali na biyu. Tsohon ya fito har da manta sandarsa. Duk mai sa hula daga nan har Bonny ya ji labarin hular Opobo, amma waɗanda suka gan ta ba su da yawa. Ruwan ƙasa ce, ba baƙa ba, shafin cikinta farin siliki da ko tabo babu. Shekara goma sha ɗaya Soberekon ya yi yana zarya wurin wata tsohuwa a Opobo, yau busasshen kifi, gobe ya gyara mata rufin ɗaki, kafin ta yarda ta ba shi ita da hannunta. Shi kansa bai taɓa sa ta ya fita ba.

Ya ce, "Ka bar ni in juya fatar hular da ke ɗakinka, ta wajen hagu kawai. In ban sami tsumman zanen uwata a ciki ba, ko kuma fatar ta tsage a hannuna, wannan ta zama taka, kuma ba za ka ƙara ganin ƙafata a garin nan ba."

"In ka samu fa?"

"In ɗauki ta gidanmu in tafi."

Iyalla ya dubi hular Opobo, ya haɗiye yawu. Ya ɗaga murya ya ce, "Daba! Kawo kwalin Baba."

Daba ta daɗe ba ta fito ba. Da ta kawo, ta ajiye ba ta dubi kowa ba.

Tun kafin ya taɓa ta ya san ita ce, daga yadda bakin ya ɗan karkata ta dama. Ya ƙwanƙwasa a hankali, ta amsa. Amma amsar hula ba hujja ba ce a wurin tsoho mai taurin kai. Ya roƙi a dafa masa ruwa a buta, a kawo man alayyadi da gashin kaza guda. Fatar da ta shekara hamsin ba a motsa ta ba ta bushe kamar ganye, in ka yi gaggawa sai ta karye maka gida biyu. Ya tara ta a tururi daga nesa, ya janye, ya shafa mai da gashin kazar, ya jira. Ya sake. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana kawar da kai don kada ya sauka a kan hular.

Iyalla ya ce, "Yau za a gama, ko in aika a shimfiɗa maka tabarma?"

Soberekon ya ajiye gashin kazar. Ya sa bayan cokali ya ɗaga bakin fatar kaɗan. Ta yi ƙara siririya, amma ba ta tsage ba. Ya ƙara ɗagawa. Ga shi nan kwance, tsumma a ninke gida huɗu, ya yi baƙi da gumin mutum biyu. Ya zaro shi, ya warware, ya shimfiɗa zanen uwarsa a kan tebur ya haɗa bakin da bakin. Layin ja ya shiga layin ja, ɗorawa ta shiga ɗorawa.

Tsohon ya sunkuya ya duba har hancinsa na taɓa zanen. Ya miƙe a hankali. Sai ya nuna kwalin hular kasuwa.

"To wannan da ka dawo da ita, ita ce ta ubana ke nan."

Mai dabara da ya ce e ya ɗauki kayansa ya tafi. Soberekon ba shi da wannan dabarar in maganar hula ce.

"A'a, Baba. Wannan ba ta kai shekara goma ba. Ubanka bai taɓa ganinta ba."

Iyalla ya juya ya dubi matarsa. Daba na tsaye riƙe da butar.

Ta ce, "Shekarar da rufi ya yi yoyo kana asibiti, ruwa ya shiga akwatin. Da na buɗe, hular Baba ta zama kamar tuwo. In gaya maka a kan gadon ciwo, in kashe ka? Na je Fatakwal na sayo wannan. Ranar jana'izar Yaya kuwa ni na mayar da huluna cikin kwalaye. Na san ba za su buɗe a gabanmu ba."

Iyalla ya zauna. Da ya yi magana, ba da matarsa ya yi ba.

"Ka ci gardama, ɗan Dienye, ɗauki ta gidanku. Amma ka zo gidana ka zauna min a ƙofa har masu katantanwa sun san da maganar. Gobe duk Tombia za ta ji gidan Iyalla ba shi da hula. Ni ma kwanana nawa ya rage? Me za a ɗora a saitin kaina, ulu da gam?"

"Ba haka muka yi ba, Baba."

"Na san yadda muka yi. Da ka buɗe kwalinka a gida shekara huɗu da suka wuce, da an gyara abin nan a ɓoye tsakanin mata, ba wanda ya ji. Kai ka bari ya ruɓe. Ban hana ka ba, ga ƙofa. Sai dai in ka fita da ta gidanku da ta Opobo duka, ranar Asabar kada ku ajiye wa gidana kujera."

Soberekon ya san abin da wannan ke nufi. A binne ubansa surukai ba su zo da gangarsu ba, abin da za a riƙa faɗa ke nan har jikoki, ba wanda zai tuna wace hula ce a kan gado. Ya dubi hular Opobo. Ya tuna tsohuwar, da kifin, da guduma a kan rufinta cikin rana. Ya ɗauke ta, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya saurara, sannan ya mayar da ita kwalinta ya tura gaban tsohon.

Ya ce wa Daba, "Inna, kafur duk wata uku. Kada a ajiye ta a ƙasa, kada a jingina ta da bango. In damina ta kama zan zo in duba rufin."

Ya ninke tsumman uwarsa ya mayar da shi ƙarƙashin fatar, inda yake, ya ɗauki ta gidansu da ta kasuwar ya tafi.

Ranar Asabar hular Opu Dienye ta zauna a gadon ƙarshe. Tsofaffin matan gari suka zo duba gadaje, suka zagaya, suka gyaɗa kai. Iyalla ya iso da jirgi biyu da ganga, da hula ruwan ƙasa a kansa, mutane na ta leƙe suna cewa ashe gidan Iyalla sun ɓoye irin wannan. Bai musa ba. Soberekon ma bai tona asirin ba. Ya sa ta gidansu ya zaga gari, ta zauna masa daram, ba ta faɗo masa a ido ba.

Da aka watse Ibiso ta karɓi kwalin, ta buɗe a gabansa, ta ƙwanƙwasa da kanta kafin ta kulle.

"Nawa suka rage maka?"

"Ashirin da biyu."

"Da ta kasuwar ai ashirin da uku."

Ya ce, "Wannan ba hula ba ce."

Abin da ya biya ke nan, hular Opobo da shekara goma sha ɗaya da ya yi yana bin ta.