Randar Inna Tani Ta Daina Gumi

Duk Mahuta an san randar Inna Tani. Ko a tsakiyar bazara, ruwanta sai ya kama maka haƙori. Mahaifiyarta ce ta gina ta, kuma yanzu babu mai irin wannan hannun.

Ita randa ta ƙwarai gumi take yi. Ruwa ya tsattsafo ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa kullum gindinta a jiƙe yake.

To, ana cikin azumi Inna ta tafi jinyar ƙanwarta a Dandume, sai ga surukinta Maharazu, mai fenti a Funtua. Mutumin kirki ne, wallahi, amma hannunsa ƙaiƙayi yake. Ya ga danshi, ya ce randa tana yoyo. Ya juye ta, ya shanya, ya lafta mata fentin mai, ciki da waje. Shuɗi, don Allah!

Ran da Inna ta dawo, gab da magariba, maƙoshinta kamar an zuba toka, ta tarar da shi yana jiranta. Ta dubi randa tana ƙyalli kamar ƙofar shago. Ana kiran salla ya ɗebo ruwa a moɗa, ya durƙusa, ya miƙa mata da hannu biyu.

Tir! Ruwa ɗumi salam, ga warin kananzir, ga maiƙo yana yawo a sama. Da ɗan cikinta ne, da moɗar za ta kwaɗa masa a ka. Amma mijin 'yar fari ne, wanda ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa. Ta runtse ido ta haɗiye, ruwan yana neman dawowa.

"Allah ya yi albarka," ta ce, tana kallon bango. Can ta daure ta ƙara, "Shi wannan abin, in an kankare, yana fita kuwa?"

Maharazu ya washe baki, ya ɗauka tsoro take kada aikin ya lalace.

"Haba Inna, kwantar da hankalinki! Sai da na tsinka fentin shafin farko da kananzir yadda yumɓun zai sha ya ƙoshi. Wannan ko jikokinki haka za su gaje ta."