An Bar Baba Idrisu a Kan Dutse

"Idrisu makanike!" in ji Malam Tijjani, ɗan jagora, yana tsaye a goshin jirgin da usur rataye a wuyansa.

"Na'am, yana nan," Uwaisu ya amsa, ko kai bai ɗaga ba.

To ina ma zai iya ɗaga kai? Yana durƙushe a ƙasan jirgin, ya rungume katakon zama da hannu biyu, ya runtse ido, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Uwaisu ƙato ne. A masaƙar da suke aiki a Challawa shi kaɗai yake saɓa dilar zaren da mutum biyu ke nishi a kanta. Amma ruwan da ya wuce masa gwiwa, wannan kam ba abokin wasansa ba ne.

Ƙungiyar ma'aikata ce ta shirya wannan yawon na ranar Lahadi, ta ɗauko Malam Tijjani don ya nuna musu wurare. Sun tsaya a Bagauda an sha lemo an ɗauki hoto. Sun iso tafkin Tiga, sun zaga garin bakin ruwa sun cika ciki da soyayyen kifi. Daga nan aka ce jirgi mai inji zai kai masu so wani babban dutse da ke tsakiyar tafkin, wai daga kansa ana hango ƙasar duka. Uwaisu ya so ya noƙe, dariyar 'yan matan sashen ɗinki ce ta tura shi ciki. A kan dutsen ma bai ga komai ba, bayansa ya juya wa ruwan har aka busa usur ɗin komawa.

Shi kuwa amsa wa Baba Idrisu suna, ba ranar ya fara ba. Ƙarar injinan saƙa ta daɗe da cinye kunnen tsohon, sai an yi masa ihu a kunnen hagu, ko kuma ya karanta magana a leɓen mutum, yadda duk tsofaffin masaƙar suka iya. Kullum da safe idan foman, wato shugaban ma'aikata, yana kiran sunaye a bakin ƙofa, Baba yana tsaye a gefen Uwaisu bai san an zo kansa ba, Uwaisu ne yake cewa yana nan. Yau da gobe abin ya zame wa bakinsa jiki, ba ya ma jiran ya waiwaya.

Sai da ƙafarsa ta taka ƙasa hankalinsa ya dawo. Ya shiga bas yana ta cika baki wai ruwan ma ai bai kai yadda ake faɗa ba, ya zauna, ya juya zai miƙa wa Baba ragowar kifinsa. Kujerar taga babu kowa.

Ya miƙe ya duba baya, ya duba gaba. Ya leƙa ta taga ko tsohon yana alwala. Ya taɓa Habila, abokin aikinsu mutumin Kagoro, wanda ke gyangyaɗi a kujerar gabansa.

"Habila, ka ga Baba?"

"Ba tare kuke ba?"

"A jirgi fa nake nufi. Da muke dawowa ka gan shi?"

Habila ya wartsake. "Ni dai na ji ka ce yana nan."

Uwaisu ya juya da sauri. Ya dubi tafkin ta gilashin gaba. Dutsen yana can nesa, ɗan mitsitsi, a bayansa kuma hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har ya fara cin rabin sama. Direba ya danna ham yana cewa a yi sauri kafin ruwa ya tare su a hanya.

Yadda ya sauka daga motar shi kansa bai sani ba. Ya tarar da Malam Tijjani yana naɗe lasifikarsa, ya gaya masa a birkice. Ɗan jagoran ya yi tsuru-tsuru, gumi ya keto masa.

"Inna lillahi! Amma ai na kira shi an amsa!"

"Ni na amsa, Malam."

"Kai ne Idrisu?"

"Ba ya ji ne. Kullum ni nake amsa masa."

Malam Tijjani ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi sama, ya fasa. Suka ruga bakin ruwa tare. Gali mai jirgi yana janye jirginsa kan yashi, ya saurare su yana girgiza kai.

"Ba inda za ni. Ba ku ga abin da ke tahowa ba? Ƙarƙashin ruwan nan duk kututturan itatuwa ne. Da rana tsaka ma a hankali nake bi, balle igiyar ruwa ta tashi. In Allah ya kai mu gobe na ɗauko shi."

"Zai kai goben a can?" Uwaisu ya tambaya.

Gali ya ci gaba da janye jirginsa. Can sai mai jirgin ya ce, "Wane tsoho ne ma? Ba dai mai farar hular nan da ya zauna kusa da inji ba?"

"Shi ne."

Gali ya saki igiyar da ke hannunsa, ya yi salati a hankali. Ya fara tura jirgin cikin ruwa. Malam Tijjani ya tattare wandonsa zai shiga, Gali ya tare shi.

"Malam, ba ka da nauyi. Iska za ta ɗaga goshin jirgin ta kifar da mu. Wancan ƙaton nake so ya zauna min a gaba. Kuma tsohon nan in ba wanda ya sani ya gani ba, ba zai taso ba."

Uwaisu ya dubi ruwan. Ɗazu shuɗi ne, yanzu ya koma kalar toka, yana ta tuttuɗowa kan yashi yana komawa. Ya ji fitsari ya kama shi. Wallahi da a ce akwai wani ƙato a wurin, da ya nuna shi. Babu. Ya shiga da rarrafe, ma'aikata sun yi cirko-cirko a bakin gaɓa, wannan karon ba wadda ta yi dariya.

Ba su yi nisa ba iska ta same su. Jirgin ya riƙa hawa yana faɗowa, kowace faɗowa sai ruwa ya mari Uwaisu a fuska. Wani abu ya gogi cikin jirgin daga ƙasa, ƙiiii, ya ji shi har cikin haƙoransa, ya ƙwalla ƙara.

"Reshen kuka ne!" Gali ya ɗaga murya daga baya. "Kukar kasuwarmu ce! Kan garinmu muke bi yanzu!"

"Wane gari?"

"Garin da aka tashe mu kafin a tare ruwa! Dutsen can a bayan gari yake, nan muke kiwon awaki! Tsohonka ɗan garinmu ne. Ɗazu da muke zuwa ya ƙura min ido ya faɗi sunan ubana. Matarsa da 'ya'yansa nan aka binne su, shekarar baƙon dauro, a gindin dutsen!"

Uwaisu ya buɗe ido a karo na farko. Shekara da shekaru suna cin abincin rana a kwano ɗaya, yana raka shi har ɗakinsa na haya a Panshekara, bai taɓa jin Baba ya ambaci mata ko ɗa ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Ya dubi ruwan da ke tafasa a gefensa, ya tuna akwai gidaje da rijiyoyi da kaburbura a ƙasa, tsigar jikinsa ta tashi. Ya sake runtse idon.

Da suka isa, Gali ya kasa matsar da jirgin sosai don kada ya bugu da dutse. Dole Uwaisu ya dira cikin ruwa har ƙugu, ya dafa dutsen mai santsi ya haye da ciki kamar ƙadangare. Ya tarar da Baba Idrisu a ɗaya gefen, zaune a kan ɗan buzunsa, ya fuskanci ruwa, carbi a hannu. Iska tana kaɗa rigarsa, shi ko a jikinsa.

Uwaisu ya durƙusa a gabansa yadda zai ga bakinsa. "Baba! Ku tashi mu tafi! Mun manta da ku ne, laifina ne!"

Tsohon ya karanta leɓensa, ya yi ɗan murmushi. "Ba ku manta da ni ba. Ina bayan dutse ina kallo kuka tafi. Na san in an kira ni za ka amsa."

Maganar ta soki Uwaisu. Ya dube shi, ga tsoro ga takaici. "Ashe da ni kuka yi dabara, Baba?"

"Ka yi haƙuri, ɗan nan. Da aka tashi garin ina Kano wurin aiki. Ko da na zo, ruwa na tarar. Tun ran nan ban sake zuwa ba sai yau, yau ɗin ma mutumin nan mai usur ya ce minti kaɗan, a ɗauki hoto a tafi." Ya nuna ƙasa da carbinsa. "Ga su nan, nan ƙasan. Kwana ɗaya nake so in yi kusa da su. Gobe masunta sa fitar da ni."

"Hadari fa, Baba! Ku duba!"

"Na gani. Na sha dukan ruwa a kan dutsen nan ina yaro."

"Lokacin ba tafki!"

Walƙiya ta haske ko'ina, tsawa ta biyo baya, dutsen kansa ya girgiza. Baba bai ji tsawar ba. Igiyar ruwa ta daki gefen dutsen ta fantsamo har kan buzun. Daga ƙasa Gali yana ta ihu: in ba su sauko yanzu ba shi zai tafi, yana da iyali, kada su ce bai faɗa ba.

Uwaisu ya yi tunanin ya sungumi tsohon ya saɓa a kafaɗa, ai bai kai rabin dilar zare ba. Amma a kan wannan santsin, in ya yi ƙoƙarin ƙwacewa, su biyun ne za su tafi. Kuma hannunsa ya ƙi miƙuwa ga mutumin da ke zaune kan kabarin 'ya'yansa.

Sai ya leƙa ya ɗaga wa Gali hannu. "Tafi! Ka zo da safe!"

"Ka haukace ne?"

Bai kula shi ba. Ya dawo ya zauna daɓas a gefen Baba Idrisu, ya harɗe ƙafa, ya fuskanci ruwan shi ma. Haƙoransa suna kaɗawa, jikinsa duka yana ɓari, hawaye suna zuba ba tare da ya sani ba. A ransa ya gama sallamawa cewa yau kwanansa ya ƙare, ya tuna matarsa Asabe a Dorayi tana jiran kifin da ya yi mata alkawari.

Tsohon ya juyo. "Me kake yi? Tashi ka bi jirgi."

Uwaisu ya juya masa fuska don ya gani da kyau. "Ni na ce kuna nan. Ba zan koma in ce ba kwa nan ba."

"Kai da kake tsoron ruwa?"

"Ina tsoro, Baba. Wallahi ina tsoro."

Baba Idrisu ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi manyan hannayen nan da suka damƙe gwiwa. Ya dubi ruwan da ke gindin dutsen, leɓensa ya motsa kamar zai yi magana da wani, bai yi ba. Ruwan sama ya fara sauka, manya-manyan ɗigo. Ya sa carbinsa a aljihu, ya naɗe buzun, ya miƙe da ƙyar.

"Tashi," ya ce. "Wannan wurin ya ci nawa, ba zai ci na mutane ba."

Uwaisu ya miƙe, amma bai san inda zai sa ƙafa ba. Tsohon ne ya kama hannunsa ya ja shi, yana nuna masa inda zai taka, don ya san kowane tsagi na dutsen. Gali bai tafi ba, yana nan yana zaginsu yana riƙe da jirgin. Suka faɗa ciki, inji ya tashi.

A goshin jirgin Uwaisu ya dunƙule, ya kasa ko addu'a. Baba Idrisu ya zauna a gabansa, bayansa ga dutsen, ya jawo kan ƙaton ya ɗora a cinyarsa, ya lulluɓe shi da babbar rigarsa, ya riƙe shi gam da hannu biyu. Duk lokacin da jirgin ya faɗo sai ya ƙara matse shi yana cewa, "Ba komai, ba komai."

Ta cikin rigar Uwaisu yana jin haɓar tsohon a kan ƙeyarsa. Ya yi ta jira ya ji ta ɗaga, ko sau ɗaya, tsohon ya waiwaya ya yi wa nasa kallon ƙarshe. Har suka ji muryoyin mutane a bakin gaɓa ba ta ɗaga ba.