Madogara Ta Arba'in Da Bakwai

Dakta Wada ya zagaye sakin layi guda da jan biro a kundin digirin Ikilima, ya rubuta a gefe: "Wa ya faɗi?" Sakin layin na bayani ne a kan Gidan Marke, ƙauyen da gulbi ya cinye a rana ɗaya tun zamanin Turawa. Babu shi a taswira, babu shi a takardun gwamnati. Ya ce ko dai ta kawo madogara a ƙasan shafi, da suna da wuri da kwanan wata, ko kuma a cire shi kafin Litinin. Ikilima ta san in aka cire, ƙauyen ba zai sake fitowa a wani littafi ba.

Ta shiga motar garin Isa da safe. A hanya gyangyaɗi ya ɗauke ta, sai ta ga shafin ya buɗe kamar fadama. Layin da ke raba rubutu da madogara ya zama gulbi, a gaɓarsa ta ƙasa mutum arba'in da shida na zaune a inuwa, kowa da lambarsa. Akwai tabarma guda da ba kowa a kanta.

Ta sauka a hanya, a Sabon Birni, ta hau babur zuwa Kurawa. Inna Rahmatu, tsohuwar da bara ta ba ta labarin ƙauyen, tana gindin bishiyar bedi tana bakace gero. Ta sake ba da shi kamar yadda ta bayar: yadda ruwa ya zo da hantsi ba tare da hadari ba, yadda rumbuna suka bi gulbi a tsaye, da zakara a saman ɗaya. Ita ba ta gani ba. Surukinta ne, uban mijinta, ya gani, yana kiwo a kan tudu.

Ikilima ta buɗe littafinta ta nemi sunan surukin.

"Mi za ki yi da sunanai, ɗiyata?"

Ta yi mata bayanin ƙasan shafi, inda ake ajiye sunan wanda aka ji magana daga gare shi. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, faifai a cinya.

"Shekara sittin da wani abu ban kama sunan nan ba, yana raye, yana ƙasa. Ba za ni fara yau don takarda ba."

'Ya'yanta sun rasu. Maƙwabta kuma Baffa kawai suka san ana ce masa. Ikilima ta zauna har la'asar tana kallon ƙaiƙayi na tashi a hasken rana.

Ranar Litinin Dakta Wada ya karanta: "47. Hira da Inna Rahmatu, kimanin shekara 85, Kurawa, 14 Maris 2018. Ta ji daga surukinta, wanda ya gani da idonsa. Ba ta ambatar sunansa, bisa al'ada."

Ya daɗe yana duban layin. Sannan ya ce shi ɗan fari ne, mahaifiyarsa a Isa har ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya gyara waƙafi guda, ya juya shafi. Gidan Marke ya zauna inda yake.