Kilo Goma da Suka Ɓace daga Buhun Luba

Duk garin Kura cewa ake babu ɗan'uwa irin Ɗanasabe. Tun da mijin ƙanwarsa Luba ya rasu ta shiga takaba, shi yake karɓo mata takinta daga ƙungiyar manoma, ya kawo har tsakar gida. Takaba ta ƙare, bai daina ba. Shekara uku ke nan, albasarta kuwa kullum ƙanƙancewa take.

"Ƙasar ce ta gaji," yakan ce. "Ki bar mini filin, ki huta da ɗinkinki."

Har ta fara yarda.

Luba tana zuwa makarantar manya da yamma. Malamin fiziks ya ba su aiki: a daidaita katako a kan tsakiyarsa, a ɗora abin da aka san nauyinsa a ɓari ɗaya, wani abu a ɗaya ɓarin. In suka tsaya daidai, nauyi sau nisa a nan ya yi daidai da nauyi sau nisa a can.

Ta kwantar da turmi, ta ɗora dogon katako, ta matsa shi har ya daina rinjaya. Jarkar ruwa mai lita ashirin, kilo ashirin ke nan. Ta ajiye ta inci sittin daga tsakiya, da tef ɗin ɗinkinta ta auna. Ta ɗauko buhun taki don gwaji, tunda an rubuta kilo hamsin a jikinsa. Da ƙyar ta mirgina shi, tana turawa kaɗan-kaɗan. A inci talatin katakon ya miƙe.

Ashirin sau sittin, a raba da talatin. Arba'in.

Kanta ta fara zargi, kamar yadda ta saba. Ta sake sau uku. Ta aro buhun maƙwabciyarta Zuliha, shi kuwa a inci ashirin da huɗu ya tsaya. Hamsin cif.

Sai ta duba bakin nata buhun. Ɗinkin hannu ne, ba na inji ba. Zaren ma nata ne, wanda yayan nata ya taɓa karɓa wai zai gyara tabarma.

Washegari Ɗanasabe ya shigo yana dariya. "Farfesa, yau kuma lilo ake yi?"

"Yaya, ɗora mini buhun nan."

Ya ɗora. Ta auna, ta faɗi lissafin a hankali, ta juyo masa da bakin buhun.

"Har kabarin maigidana na yi wa kuka a raina, ina cewa na kashe masa gona," ta ce. "Ashe a gonarka takin yake."

Ya daɗe yana kallon zaren. Ya cire hularsa, ya tsuguna a gefen turmin.

"Ni na farke su, Luba. Duk shekara ukun. Filinki naki ne. Don Allah ki yafe mini."