Bukkar Baiwa a Kan Dutse

A ƙarshen daminar 1956, wata motar gyaɗa ta sauke baƙi biyu a kasuwar Matamai: wani tela daga Damagaram mai suna Harisu, da matarsa Safiyatu. Suna tambayar wa ke da bukkar nan da ake hangowa a kan dutse, gabas da gari. Aka kai su gidan Baiwa.

Baiwa tsohuwa ce mai ƙarfinta. Gonarta na gindin dutsen, bukkar kuwa marigayi mijinta ya gina don tsaron birai. Bayan gaisuwa Harisu ya ce, "Inna, haya muke so, ta wata guda."

"Hayar me, ɗan nan?"

"Ta bukkar."

Baiwa ta yi dariya har ta share hawaye. Safiyatu ce ta yi mata bayani: shekara ashirin maigidan yana sunkuye kan aikin allura, yanzu idanunsa sun soma dushewa. Likita ya ce ya ajiye ɗinki, ya tafi inda zai riƙa duban nesa.

"To ai baƙo ba ya biyan wurin kwana," in ji Baiwa.

"Idan ban biya ba, Inna, kwana uku kunya za ta kore ni."

Da ƙyar ta karɓa. Ta share bukkar, ta sake mata shuci, ta kai randa da tabarmi biyu.

Safiyatu ba ta taɓa hawa abin da ya fi soron gidansu ba. Ranar farko da rarrafe ta kai sama, tana salati, Baiwa na tura ta ta baya. Amma da iska ta buso mata, ta ga gero ya shimfiɗu kore shar har inda ido ya ƙare, sai ta zauna a kan falalen dutse ta manta da girki. Kafin mako ya zagayo ta iya tsinkar yakuwa, tana bin Baiwa tonon gujiya.

Harisu ne hutu ya dama. Ya zauna, ya tashi, ya tsinci zare a bakin tabarma yana murzawa. Da Baiwa ta lura, sai ta miƙa masa majajjawa.

"Malam, tunda duban nesa aka ce, dubar mini birai."

Jifansa na farko ya fasa ƙwaryar furar da aka kawo masa. Biran ma ba su motsa ba. Baiwa ta koya masa yadda ake sakin igiya, kullum da hantsi yana bisa dutse yana ihu kamar wanda aka haifa a gona.

Ranar kasuwa ta uku, Baiwa da Safiyatu na gasa sabuwar gyaɗa a ƙofar bukka, sai suka ji ya ƙwala kira.

"Safiyatu! Zo ki ga! Mutumin can a kan jaki, hanyar Kurni, rigar da ke jikinsa ni na ɗinka ta!"

Safiyatu ta kare ido da hannu. "Maigida, ni jakin ma da ƙyar nake gani."

"Shuɗiya ce, aikin wuyan da farin zare. Wallahi hannuna ne!"

Bai jira takalmi ba, ya gangara da gudu ta cikin gero. Baiwa ta dafe ƙirji, tana tsoron kada ya karye. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo yana jan jakin, mai jakin na biye cikin mamaki. Sunansa Ɗanjuma, mai sayar da kanwa. Ya ce lalle bara ya sayi rigar a Damagaram, a wata rumfa kusa da masu jima.

"Rumfata ke nan!" in ji Harisu, yana shafa aikin wuyan, hawaye na zubo masa. Safiyatu ta rangaɗa guɗa har birai suka watse daga gonar.

Ɗanjuma bai kai kasuwa da wuri ba ran nan. Ya zauna aka ci gyaɗa da shi, har sau uku ana sa shi ya ba da labarin yadda mutum ya fito daga gero ya kama masa riga.

Wata ya cika, baƙin suka ƙara kwana goma don a yi girbi da su. Da damina ta zagayo, Safiyatu ta aiko cewa ƙanwarta da mijinta ma suna son zuwa. Baiwa ta sa aka sara mata itace, ta kafa bukka ta biyu a gefen da ya fi samun iska.