Haihuwar Rahamatu a Kalgo

Rahamatu na ɗauke da cikin fari, tsoron naƙuda ya hana ta sakewa. Sai maƙwabciyarta ta kai ta gidan Inna Hajjo, ungozomar da ta yi horo a asibiti, ta dawo Gwandu tana tara masu cikin fari duk Laraba. A can Rahamatu ta koyi yadda naƙuda ke tasowa tana lafawa, da yadda ake jan numfashi a sake shi a hankali.

Da watanta ya kama, aka kai ta gidan iyayenta a Kalgo. Naƙuda ta taso mata da hantsi. Kakarta ta fito da jiƙon magani, ta tarar da ita tana zagaya tsakar gida tana furzar da iska.

"Ke 'yar nan, zauna mana! Wuta kike hurawa?"

"Da saura, Kaka. An ce in yi ta tafiya."

Kafin la'asar ta haifi ɗiya mace lafiya lau. Kakar na wanke jaririyar tana dariya, ta ce wa Rahamatu, "Ni da na kwana biyu a durƙushe kafin uwarki ta fito, ashe numfashi ne ban iya ba!"