Rabin Bencin Sanda

Sanda mai gyaran rediyo a Shango ba ya kama abu da sanyin jiki, don haka da siyasa ta shige shi sai ta kai masa har ɓargo. A wani zaɓe ya rantse jam'iyyarsa ce kaɗai za ta share wa talaka hawaye. Amininsa Andrawus, mai walda a shagon da ke jikin nasa, yana ɗaya jam'iyyar, shi ma kuwa wajen gardama ba kanwar lasa ba ne.

Benci ɗaya gare su a tsakanin shagunan, a kansa suke cin doya da rana. Wata rana musu ya yi zafi, Andrawus ya gaji ya ce, "Malam Sanda, naku da namu duk kanwar ja ce." Sanda ya aro zarto ya raba bencin biyu a gaban jama'a. Kowa ya tokare rabinsa da bulo. Ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba, har Andrawus ya kwashe kayansa ya koma Chanchaga.

Shekaru suka ja. Sanda ya sauya sheƙa, ya sake sauyawa, har ya gaji. 'Yan takarar jam'iyyun nan biyu kuwa tuni sun koma inuwa ɗaya, ga fastarsu rungume da juna a bangon shagonsa. Yanzu in matasa na cacar baki, da bakinsa yake ce musu duk kanwar ja ce, kuma kullum sai kunya ta kama shi, don ya san mai maganar.

Wata Asabar ya ɗora rabin bencin a keke napep ya nufi Chanchaga. Magdalene, matar Andrawus, ta tarye shi a ƙofa.

"Baban Amir, sai yau? Shigo. Amma tun da ciwon mantuwa ya kama shi, ba ya gane mutane."

Andrawus na zaune a gindin mangwaro kan nasa rabin, ya takure a gefe guda. Sanda ya ajiye nasa, ya matso.

"Andrawus, ni ne. Ashe da gaskiyarka."

Andrawus ya dube shi ya yi murmushi, sannan ya ɗora tafin hannu a kan ɗan wurin da ya rage.

"Sannu, baƙo. Mama, ba shi kujera. Nan wurin Sanda ne, ya je salla, yanzu zai dawo."

Magdalene ta kawo kujerar roba, Sanda ya zauna a kai.